Kafin a Sayi Na'urar Neman Zinare

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan hotunan bidiyon da ke yawo a kafafen sada zumunta, inda ake nuna mutum yana tafe a daji da na'urar gano ƙarfe, ya ɗan tona ƙasa ya ɗago curin zinare. Na shafe wasu shekaru ina taɓa wannan harka don nishaɗi, kuma abin da ke damuna shi ne yadda masu kallo da dama suka fara ɗaukarta a matsayin gajeriyar hanyar yin kuɗi.

Ba na musun cewa ana dacewa. A watan Satumba na 1980 wani mutum mai suna Kevin Hillier ya tono curi mai nauyin kilo 27 kusa da Kingower, a jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, a zurfin da bai wuce santimita 30 ba, aka raɗa wa curin suna Hand of Faith, daga baya wani gidan caca a birnin Las Vegas na Amurka ya saye shi a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Sai dai abin da masu ba da labarin kan manta shi ne, tun 1851 ake haƙar zinare a jihar, kuma a Moliagul da ke wannan yanki aka samu curin Welcome Stranger mai kimanin kilo 72 a 1869, lokacin da ko mafarkin na'urar ba a yi ba. Wurin ne ke da zinare, shi ya sa ƙwararru ke ɓata lokaci a kan tsofaffin taswirori da tarihin ma'adinai kafin su taka daji.

Ita na'urar ba ta san zinare ba, ƙarfe kawai ta sani. Faifan da ake shafawa a saman ƙasa yana aika ƙarfin maganaɗisu, duk ƙarfen da ke kwance a ƙasa ya amsa, ta yi ƙara a kunnen mai ita. Na sha durƙusawa kusan rabin sa'a a kan rami ɗaya, ina ɗibar ƙasa da ludayin roba ina gittawa a kan faifan, in raba ta biyu in zubar da rabin da bai yi ƙara ba, in sake rabawa, zuciyata na bugawa, daga ƙarshe in ga tsatstsar ƙusa ko murfin kwalba. Maganaɗisun da ake liƙawa a jikin diga yana rage wahala domin yana janye baƙin ƙarfe nan take, amma ba ya kama dalmar harsashi, ita kuwa dalma amonta kusan ɗaya ne da na zinare, don haka dole a tona a gani. Ranar da aka yi sa'a, abin da ake samu bai fi kan ashana girma ba, sau da yawa ko giram ɗaya bai kai ba.

Ita kanta ƙasar da ke ɗauke da zinare yawanci cike take da tama, har wasu duwatsun kan sa na'ura kuka alhali babu zinare a cikinsu. Ƙananan na'urori masu aiki da igiyar da ake kira VLF sun fi jin mitsimitsin zinaren da ke kusa da sama, amma irin wannan ƙasa tana rikita su, masu aiki da bugun lantarki kuwa, wato PI, sun fi nitsewa da jure tama, sai dai nauyi da tsada. Wanda ya saya bai san irin ƙasar da zai shiga ba, ya sayi abin ajiya a bayan ƙofa.

Akwai kuma doka, wadda masu bidiyon ba sa ambata. A Biktoriya sai mutum ya mallaki takardar izinin da aka fara bayarwa tun 1855, bayan boren masu haƙar zinare na Eureka a 1854, kuma da kayan hannu kawai aka yarda ya yi tono, ya cike raminsa idan ya gama. A Amurka an hana amfani da na'urar a gandun dajin da ke ƙarƙashin hukumar wuraren shaƙatawa ta ƙasa, kuma ɗaukar zinare a filin da wani ya yi wa rajistar haƙa sata ce a idon doka. Ina fata idan jaridarka za ta kawo labarin wanda ya dace da babban curi, za ta tambaye shi shekara nawa ya yi yana nema, da kuma ƙusa nawa ya tono kafin wannan rana.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka