A Riƙa Faɗa Mana Dalilin Kashe Ɓerayen Gwaji

Edita, assalamu alaikum.

Ka taimaka mini da ɗan fili. Na daɗe ina aikin kula da dabbobin gwaji kafin in yi ritaya. Ni ke sauya wa fararen ɓeraye garin katako, ni ke cika musu kwalbar ruwa da sassafe, ni kuma ke kwashe mushensu ranar da aka gama aiki.

Ba na ƙin gwaji da dabbobi. Kazar Shika Brown da ake kiwo don ƙwai daga cibiyar bincike ta Shika ta fito, alluran rigakafin shanu da kaji kuma a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, jihar Filato, ake haɗa su, duk albarkacin irin wannan aiki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rahoton da ake rubutawa bayan an gama. Idan aka yi wa ɓera allurar wani sinadari mai suna aloksan, cikin 'yan kwanaki ciwon suga zai kama shi. Za ka gan shi manne da kwalba yana ta sha, keji ya jiƙe sharkaf da fitsari, gashinsa ya tashi, ya rame. Sai a yi makonni ana ɗura masa ruwan zogale ko sabara don a ga ko zai yi masa magani. Amma in ka buɗe rahoton, dalilin duk wannan wahala bai wuce layi ɗaya ba, wai ba a bincika ganyen sosai ba. Haba malamai! Me aka riga aka sani? Me ya hana a fara gwada ganyen a kwalbar ɗakin gwaji kafin a taɓa dabba? Me ya sa ɓera, kuma me ya sa talatin ba goma ba? Aloksan yana lalata ƙwayoyin jiki da ke samar da insulin ne, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, alhali ciwon sugan da ya fi addabar iyayenmu ta wata hanya yake zuwa. Ya kamata mai bincike ya bayyana wannan, ya faɗi ina ɓeransa ya yi kama da mutum, ina suka raba gari.

Tun 1959 wasu masana kimiyya biyu, Russell da Burch, suka ce a nemi madadin dabba, a rage yawansu, a sassauta musu azaba. Ƙa'idojin rubuta rahoton gwajin dabbobi da ake kira ARRIVE, waɗanda aka fitar a Birtaniya a 2010, aka sabunta a 2020, sun nemi a rubuta dalilin gwajin a fili. Mu kuwa tun muna makarantar Islamiyya muka ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare.

Ku ma 'yan jarida da sauranku. Wata maƙwabciyata, dattijuwa, ta ajiye ƙwayoyinta na asibiti don ta ji an ce an gano maganin suga a ganye, ba wanda ya gaya mata a jikin ɓera aka gani. Don Allah duk sanda za ku buga irin wannan labari, ku sa sunan dabbar tun a kanun labarin, ku kuma tambayi mai binciken me ya sa ya zaɓe ta.

Naku mai karatu,
Samaru, Zariya