Godiya ga masu feshin da suka raba gidanmu da kuɗin cizo

Zuwa ga Manaja da dukkan ma'aikatan kamfanin feshin maganin ƙwari da ke kan titin Zariya, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in yi muku wannan godiya a bainar jama'a ne saboda na san gidaje da yawa a garin nan suna cikin halin da muka shiga, amma kunya ta rufe musu baki. Mace za ta gaya miki ɓera ya addabe ta, za ta gaya miki sauro ya hana ta runtsawa, amma da wuya ta ce kuɗin cizo ya shiga ɗakinta, don a wurinmu an riga an jingina shi da ƙazanta.

Namu ya shigo ne a akwatin ƙarfen ɗana da ya dawo hutu daga makarantar kwana. Kafin mu farga ya bar ɗakin samari ya kai ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigida, daga nan sai nawa. Yara suna tashi da asuba jikinsu duk ya yi ruɗu-ruɗu, zanin gado da ɗige-ɗigen jini. Har ta kai na daina yarda baƙo ya kwana, ƙanwata ta zo daga Zariya na rasa dabarar da zan yi mata.

Kafin mu zo gare ku, babu irin mai feshin da bai taka gidan nan ba. Ba zan kama sunan kowa ba, amma sun san kansu. Wani ya zo da tanki a goye, ya zaro wata robar lemo da babu ko rubutu a jikinta, ya tsiyaya a ruwa, ya ƙara kananzir, ya ce wannan haɗin ko maciji ya shaƙa sai ya faɗi. Bai ɗaga katifa ba, bai tambayi ko akwai jariri ko mai ciki a gidan ba, shi kansa ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba. Ya bi ta kan kwanukana da ke kife a kwando ya feshe su. A daren nan asmar Hajiya ta tashi, sai a asibiti muka kwana. Da ƙwarin suka dawo, muka yi ta kiran wayarsa, ba ya ɗagawa. Wani kuma daga bakin ƙofa ya yanke hukunci, wai mu fitar da katifun gidan gaba ɗaya mu cinna musu wuta, kamar kuɗin katifa a ƙasa ake tsintarsu. Maƙwabta kuwa kowa da tasa shawarar, wannan ya ce fiya-fiya, wancan ya ce a sa ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake a rufe ɗakin.

Da wannan zuciyar na kira ku, ban sa rai da wani abin kirki ba. Sai wanda ya ɗauki wayar ya ƙi faɗa mini farashi. Ya ce sai an zo an duba tukuna, don maganin gara daban, na kyankyaso daban, na kuɗin cizo daban. Sannan ya ce, "Hajiya, don Allah kafin mu zo kada ki fesa komai, kada ki kai katifa ko matashi wani ɗakin. Ki bar mana komai yadda yake." Ya kuma tambaya ko gidan ba-shiga ne. Na ce e. Ya ce to, mace za a turo ta duba ɗakuna. A duk waɗanda suka gabace ku babu wanda wannan tunanin ya taɓa zo masa.

Wannan yarinya da kuka turo, ita ce dalilin wasiƙar nan. Ta yi sallama, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Hajiya kafin ta taɓa komai. Ina ta ba ta haƙuri ina cewa wallahi kullum sai na share na goge, sai ta ce, "Umma, ki daina damun kanki. Jini yake bi, ba ruwansa da datti. Har manyan otal yana shiga." Na kusa yin hawaye a gabanta, don tun da abin nan ya same mu babu wanda ya faɗa mini magana mai sanyaya zuciya irin wannan.

Ta kunna 'yar tocila ta bi ɗinkin katifar a hankali, tana buɗa shi da yatsa. Ta kira ni ta nuna mini baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jere, ta ce kashinsu ne. Ta nuna mini saɓar da suka yi, da ƙwansu farare ƙanana manne a jikin katako. Ta sa aka kwance kan gadon, a mahaɗar katakon nan suka fi taruwa. Ta duba bayan hoton bango, da gefen soket, da naɗin labule, da darduma, har littattafan yara da ke kan gado sai da ta buɗa bayansu. Da na ce zan sa almajirai su kai tsohuwar katifar bola, sai ta roƙe ni kada in yi haka. Ta ce wani zai ɗauka ya kai gidansa, ko ta koma kasuwa a matsayin gwanjo, kuma wajen fitar da ita ma ƙwarin za su zube a tsakar gida da zaure.

Sai ta zauna a kan tabarma ta rubuta mini, da Hausa, abin da za mu yi kafin ranar feshi, kuma kowanne sai da ta faɗi dalilinsa. Zanin gado, rigar matashi, labule da tufafi, a wanke su da ruwan zafi sosai, wanda ya kai digiri 60, don zafi yana kashe su har da ƙwan. A shanya a rana, a bi ɗinkin da dutsen guga, a zuba a sabuwar leda a ɗaure baki, kada a kwance sai an gama aiki. Gado da kujeru da durowa a janye su daga jikin bango don mai feshi ya samu wurin bi. Kayan jere na cikin kabad a sauke a rufe. Buhun shinkafa, garin tuwo, manja, kayan miya, duk a fitar da su daga inda za a yi aikin. Randa da rijiya a rufe su ruf. Maganin Hajiya, buroshin haƙori da bulumbotin jikata a kai maƙwabta. Kajina da tantabarun yara a ɗauke su, kyanwa kuwa ta ja mini kunne a kanta musamman, ta ce irin wannan maganin yana yi wa kyanwa illa sosai. Game da Hajiya ta ce ta tafi gidan 'yarta ta kwana biyu, kada ta dawo sai ɗakin ya sha iska sosai.

Aikin ya ba mu wuya, ba zan ɓoye ba, hannuna har ya yi kanta saboda wanki. Amma a karon farko na san abin da nake yi da dalilin yin sa.

Ranar feshi mutanenku suka zo a kan lokaci da takunkumi da safar hannu, suka nuna wa maigida kwalbar maganin da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikinta, suka yi aikinsu, muka dawo da yamma muka buɗe tagogi. Sun ce a goge duk inda abinci ke taɓawa, amma a bar gindin bango kada a wanke. Bayan mako biyu suka dawo da kansu, ba mu kira ba. Dama yarinyar ta gaya mini cewa yawancin magani ba ya kashe ƙwan, kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, shi ya sa feshi ɗaya ba ya isa. Tun daga lokacin yarana suke barcinsu lafiya, Hajiya ko tari ba ta yi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wannan sana'a ta zama ta kowa a Kano. Duk wanda ya sayi tanki ya zama gwani, ya shiga gidan mutane da guba, babu mai tambayarsa takarda. Tun a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da manyan kantuna, saboda sinadarin DDVP da ke cikinsa na gona ne kuma yana kisa. To, a zaga tasha da bakin kasuwa a gani, fiya-fiya na nan a 'yan kwalabe a kan faranti, yara ne ma ke tallarta. Ƙwayar buhun wake da ake ba mutane shawarar sa wa a ɗaki, iskar guba take fitarwa, tana bi ta ƙarƙashin ƙofa da rufi ta shiga inda mutane ke kwance. Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari da suke shiga gida-gida har randa su leƙa. Makarantar koyon aikin tsafta tana nan a garin nan tana yaye ɗalibai, amma a unguwarmu na manta rabon da in ga ɗayansu ya yi sallama. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata ta zama zaman gida kawai ga mutane da yawa, kwata a toshe, bola a bakin ƙofa, ɓera na yawo da rana tsaka, alhali duk rani sai an yi gargaɗi a rediyo kan zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa.

Makarantun kwana ma da sauran aiki a gabansu. Ana karɓar kuɗin makaranta cif-cif, amma ɗakunan kwanan yara ba a duba su lokacin hutu, sai yaro ya kwaso ya kawo wa iyayensa. Ina roƙonku, Manaja, idan da hali ku nemi shugabannin makarantun nan ku yi musu irin bayanin da kuka yi mini, kafin ɗalibai su koma. Ku kuma ƙara ɗaukar mata aiki, don akwai gidaje da yawa a cikin gari da ba za a taɓa duba ɗakunansu ba idan ba mace aka tura ba.

A isar mini da gaisuwa ta musamman ga 'yata da ta zo dubawa. Hajiya ma tana gaishe ta, ta ce Allah ya yi mata albarka.

Wassalam.

Wata uwa daga Gwammaja, Kano.