Ɗalibin injiniya da karatun likita a waje: a duba kafin a sayar da fili

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan wuri a jaridarka in yi magana da iyaye 'yan'uwana, musamman na nan Zazzau, kan wata ƙura da ta tashi a gidanmu bayan ƙaramar sallah, wadda har yau ba ta gama lafawa ba.

Ɗan ƙanwata yana aji uku a ɓangaren injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Bara mahaifinsa ya kwanta wata biyu a asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika, shi ne ya yi jinyarsa dare da rana. Allah ya yi wa uban rasuwa, yaron kuma ya dawo gida da magana ɗaya a bakinsa: shi likita zai zama. Sai ya haɗu da wani dillalin makarantu, ya ce masa ya yar da injiniyancin, a kawo kuɗi, kafin wata uku yana ƙasar waje. Uwar har ta fara cigiyar mai sayen filin da aka bar musu gado a Dakace.

Ni malamin kemistiri ne, shekara 26 ina riƙe da alli. Da ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka sa baki Umma ta yarda," ban ce masa a'a ba. Na ce ya ɗauko takardunsa, mu bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya.

Amurka ya fara ambata, kamar kowane yaro. Can ba a shiga karatun likita daga sakandare. Sai mutum ya gama digirin farko, sannan ya yi shekara huɗu. Kuma ba ruwansu da fannin da ka karanta, injiniya ma suna maraba da shi. Jin haka yaron ya gyara zama. Amma akwai darussan da dole ka nuna ka yi su a jami'a: bayoloji, kemistiri iri biyu, fiziks, galibi har da aikin ɗakin gwaji. Fiziks da lissafi kam ya ƙoshi da su, bayoloji kuwa tun ranar da ya rubuta WAEC suka yi sallama. Sannan ga jarabawar shiga makarantar likita, MCAT, ta fiye da awa bakwai, mai maki daga 472 zuwa 528, wadda har ilimin halayyar ɗan Adam take taɓowa. Babbar katangar ita ce yawancin makarantun ba sa ɗaukar baƙo sam. 'Yan kaɗan ɗin da ke ɗauka, da yawansu suna son ka yi wani ɓangare na karatunka a Amurka ko Kanada, wasu kuma sai ka nuna kuɗin shekarun tun kafin ka shiga aji. Kuɗin makaranta kaɗai a masu zaman kansu ya haura dala 60,000 a shekara.

Ingila ma tana da hanyar masu digiri, shekara huɗu, da jarabawar shiga, UCAT ko GAMSAT. Sai dai gwamnatinsu ta ƙayyade yawan baƙin da za a ɗauka a likitanci, kuɗin kuma a jami'o'i da dama ya wuce fam 40,000 a shekara. Filin Dakace ko zango ɗaya ba zai biya ba. Ka lura kuma, Edita, duk hanyoyin nan biyu digiri suke tambaya, wato abin da dillalin ya ce yaron ya yar.

Inda yaranmu suka fi zuwa shi ne Masar, Sudan kafin yaƙin 2023, Rasha, Hangari da makamantansu, inda ake farawa daga tushe da sakamakon sakandare, a kwashe shekara biyar zuwa shida. A nan samun gurbi ba shi ne wahala ba ga mai kiredit a bayoloji, kemistiri da fiziks. Shekara ukun da ya yi a Samaru dai ba wanda zai lissafa masa su. Na daɗe a kan wannan da shi, domin a nan ne ake yi wa iyaye rufa-rufa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara shida da tsohon farashi, a shekara ta biyu ya ga kuɗin ya ninka sau uku. Mun kuma ga yadda ɗalibanmu suka gudo daga yaƙin Yukiren a 2022, muka ga na Sudan a 2023 a cikin motocin bas a bakin iyakar Masar, wasunsu saura 'yan watanni su gama. Wanda ya gama lafiya ma da sauransa: sai ya ci jarabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kafin a ba shi lasisi, ya yi shekara ɗaya ta horo a asibiti. Na tambayi dillalin ta waya ko hukumar ta amince da makarantar da yake tallatawa. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba matsala ba ne." Ban je Makka ba tukuna, amsar kuma ban samu ba.

Ba na raina dalilin yaron. Na san yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 ya sa matasa da yawa sun yanke ƙauna da karatun gida, kuma wanda ya kwana a benci yana kallon ubansa yana shan wahala ba wasa ya kawo shi ba. Ra'ayina dai shi ne injiniyanci bai rufe masa ƙofar likitanci ba, ya ma ba shi ƙarfin lissafi da juriyar karatu. Abin da zai rufe ta shi ne ya saki reshe ya kama ganye. Saura masa shekara biyu. Ya gama da sakamako mai kyau, ya riƙa zuwa wurina ranar Asabar mu farfaɗo da kemistiri, abokin aikina ya ɗauke shi bayoloji. In ma ya ga ba zai iya jira ba, JAMB na nan: Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, kuma Shika ba ta yi ƙaura ba.

Bai ji daɗi ba. Sati biyu yana gaishe ni daga bakin zaure. Ranar Asabar da ta wuce dai ya shigo da tsohon littafinsa na bayoloji, bangon duk ya yage.

Ina roƙon duk wanda ya taɓa barin injiniyanci ya koma likitanci a waje, ya rubuto wa jaridar nan ya faɗa mana ƙasar, da abin da ya kashe, da shekarun da ya ɗauka. Takardar filin tana cikin akwatina, na ce wa ƙanwata sai mun ji daga bakin irinsu.

Wani malamin sakandare,
Tudun Jukun, Zariya