Zuwa ga aminina a Alƙahira, game da gudawar Inna

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Saƙonka ya iso, na ga ka ce tun da aka shiga mako na biyu na gasa ciwon daji da haske a mararta, gudawa ta hana ta sakat, har kana shirin ɓalle mata Flagyl ɗin da ka ƙunso daga gida. Don Allah dakata.

Wannan gudawar ba irin ta gurɓataccen ruwa ba ce. Fatar cikin hanji kullum sabuntuwa take, cikin kwana 3 zuwa 5 an canza ta. Hasken gashi kuwa duk abin da ke saurin tsiro yake bi ya ƙona, shi ya sa yake cin ciwon daji, kuma shi ya sa hanjin da ke maƙwabtaka da bakin mahaifa yake shan wuya. Ciki ya saɓule, ruwa ya kasa tsayawa.

Ga inda na fi so ka saurara. A 2020 masu bincike a Jami'ar North Carolina ta Amurka, ƙarƙashin Jenny Ting, sun haska wa ɓeraye hasken da ya isa ya kashe su. 'Yan kaɗan suka tsallake, suka rayu har tsufa. Da aka duba kashinsu, sai aka tarar da dangin bakteriya biyu sun yi yawa a ciki, Lachnospiraceae da Enterococcaceae. Abin da ya ba ni dariya, sai suka zuba wasu ɓerayen a kejin da waɗancan suka ɓata da kashi, kuma da yawansu suka tsira! Irin waɗannan ƙwayoyin suna samar da sinadarai, ciki har da propionate, masu taimakon hanji da ɓargo su farfaɗo. Har majinyatan sankarar jini suka duba, waɗanda ƙwayoyin suka fi yawa a cikinsu gudawarsu ta fi gajarta.

Amma kada ka ɗauka duk bakteriya abokai ne. Tun shekarun 1960 aka san ɓeran da aka rena ba ƙwaya ko ɗaya a cikinsa ya fi jure haske, domin in bangon hanji ya fashe, wasu bakteriya cikin jini suke faɗawa. Flagyl, da yake maganin kashe bakteriya ne, ba ya tambayar wane ne na gari, share fage yake yi. In akwai buƙatarsa, likitanta ne zai faɗa bayan gwaji.

Gobe ka faɗa masa sau nawa take zagayawa, da ko akwai jini ko zazzaɓi. Ka dage mata da ruwan gishiri da sukari, kurɓi-kurɓi. Wake da zogale a ɗaga musu ƙafa sai ciki ya lafa, yaji ma haka, ko da za ta yi maka faɗa, don na san Inna da barkono. Kindirmo kuma ka tambaya tukuna, wasu madara tana ƙara tsinka musu ciki a wannan lokacin.

Maiɗakina tana gaishe ta, ta ce a faɗa mata akuyarta ta haihu, biyu. Ka kira ni bayan kun ga likita.

Naka,
Amininka na Zariya