Kafin a sayo na'ura da kuɗin jama'a, a tambayi lasisin direbanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya shafi sana'ata ta gyaran kwamfuta, wanda kuma nake ganin yana cin kuɗin jama'a ba tare da an lura ba.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, masu makarantu da masu shagunan buga takardu a nan Jos suke ta kawo mana kwamfutoci. Yawancinsu 'yan gwanjo ne, ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman sharaɗin nan na TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ake so a samu a jikin kwamfutar. Shawarar da muke ba su ita ce a sa musu Linux, kuma har gobe ina kan wannan shawara, don kwamfutar da ta haura shekara goma sai ka ga ta miƙe tana aiki sumul. Inda gizo ke saƙa shi ne kayan da ake jona mata: firinta, sikana, na'urar ɗaukar zanen yatsa. Kowace a cikinsu tana buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke shiga tsakanin kwamfuta da na'urar. Wasu direbobin a buɗe suke, kowa na iya karanta rubutun tushensu, wato umarnin da masu manhajar suka rubuta aka gina ta da shi, ya gyara. Wasu kuwa kamfanin ya rufe su, dunƙulallen fayil kawai zai ba ka.

Mai karatu zai ce, to ba an ce Linux a buɗe yake ba, ta yaya rufaffen abu ya shigo? Ga yadda abin yake. Asalin Linux kanel ne, wato zuciyar manhajar da ke riƙe da ragamar kwamfuta. Shi ke raba ma'adana, shi ke tsara wa kowane aiki lokacinsa, shi ke taɓa ƙarfen na'ura kai-tsaye. Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, a 1992 kuma ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL na gidauniyar Free Software Foundation da Richard Stallman ya kafa. Sharaɗin lasisin a taƙaice shi ne: ɗauka, gyara, sayar ma in ka so, amma idan ka raba wa mutane abin da ka tsago daga jikinsa, dole ka ba su rubutun tushe su ma su iya gyarawa. Har yau kanel ɗin yana kan siga ta 2 ta lasisin. Da ta 3 ta fito a 2007 ba su koma kanta ba.

Sai dai Torvalds ya ɗora togaciya a saman lasisin. Duk manhajar da ke neman aiki daga kanel ta ƙofofin da aka tanada, ba a lissafa ta cikin abin da aka tsago daga jikinsa. Bari in kwatanta da gidan Bahaushe. Kanel shi ne cikin gida, wanda ya tare a ciki dokar gidan ta hau kansa. Wanda ya tsaya a zaure ya yi sallama aka miƙo masa abin da ya nema, baƙo ne, ba mai ce masa ya buɗe jakarsa a gani. Togaciyar tana da muhimmanci, don ita ta kawar da shakka a kan cewa rufaffiyar manhajar kasuwanci za ta iya zama a kan Linux.

Kamfanoni sun gane wannan sarai. Shigar da rufaffen direba cikin gida rigima ce: da zarar ya shiga, kanel zai yi wa kansa alamar cewa an gurɓata shi, masu kula da shi kuma ba sa son karɓar ƙorafi daga irin wannan kwamfuta. Akwai ma wasu ayyukan cikin gida da aka keɓe wa direbobi masu lasisin GPL kawai. A 2008 masu rubuta kanel da dama suka sa hannu a wata sanarwa suna kiran kamfanoni su daina wannan ɗabi'a. Sai kamfanonin suka fito da sirrinsu zaure. Hanyoyin kuwa a shimfiɗe suke: akwai libusb ga kayan USB, akwai UIO da ya shiga kanel a 2007, akwai VFIO da ya biyo baya a 2012, dukkansu hanyoyi ne da direban zaure ke bi ya yi magana da na'ura, direbobin firinta kuwa da ma a zaure suke zaune ƙarƙashin CUPS, tsarin buga takardu na Linux. Nvidia ma, kamfanin da ke ƙera na'urar zane mai fitar da hoto a allon kwamfuta, da ya buɗe ɓangaren direbansa na cikin kanel a watan Mayun 2022, ɓangaren zaure a rufe ya bar shi.

A shari'ance ban ga laifinsu ba, kuma ba na cikin masu cewa a haramta. In an tilasta mini zaɓi, na fi son rufaffen direba a zaure da a cikin gida. Idan ya faɗi, shi kaɗai yake faɗuwa, ba ya tafiya da kwamfutar gaba ɗaya. Kuma Torvalds yana da tsauri ƙwarai a kan kada wani gyara na kanel ya karya manhajar da ke zaure, saboda haka ƙofofin ba sa canzawa barkatai. Amma halascin abu daban, amfaninsa ga mai shago a Farin Gada daban.

Ga abin da na gani da idona. Wata makaranta a wajen Unguwar Rogo ta sami tallafin kwamfutoci tare da firintar leza da na'urar ɗaukar zanen yatsa don rajistar ɗalibai. Firintar lafiyarta ƙalau, ganganta bai gaji ba, tonarta kuma ana cika ta a nan gari. Kamfanin da ya ƙera ta ya taɓa fitar da direban Linux, amma rufaffe, kuma an gina shi ne don tsofaffin kwamfutoci masu tsarin bit 32, yana kuma dogara da wasu tsofaffin fayiloli da sababbin sigogin Linux suka daina zuwa da su. Tun 2019 Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta zabge yawancin tallafin da take ba wannan tsohon tsari. Kanel bai karya alƙawarinsa ba, ƙofar tana nan, amma duk abin da ke kewaye da direban ya canza. Da rubutun tushe yana hannu, aikin yini ne a sake gina shi. Da yake babu, sai aka ɗaga firintar aka ajiye ta gefe, shugaban makarantar ya ci gaba da aika yaro kasuwa ya bugo takardun jarrabawa da kuɗi. Abin ya tsaya mini a rai, don na san yadda iyaye ke haɗa kuɗin makarantar nan.

Abin da mutane ba sa karantawa shi ne lasisin shi kansa rufaffen direban, dogon rubutun nan da muke danna amincewa mu wuce. Yawancinsu suna hana abu biyu: a raba fayil ɗin ga wani, da kuma a kwance shi don gano yadda yake aiki. Hani na farko shi ya sa Debian da ire-irenta masu haɗa Linux su rarraba ba sa iya sa irin waɗannan direbobi a rumbunsu. Ranar da kamfani ya sauke shafin direban daga intanet, shi ke nan, sai wanda ya taɓa ajiye shi a filashi. Mu nan haka muke yi, daga Taminus zuwa Titin Bauchi, wannan ya kwafa wa wancan, saboda tsadar data da kuma rashin wata hanya. A takarda hakan saɓa lasisi ne, alhali na'urar da kuɗinsa mutum ya saya. Hani na biyu kuwa yana nufin ɗaure hannun duk wanda ya so ya rubuta wani direban a madadinsa. Ko cikin rufaffun ma akwai masu dama-dama: lasisin Nvidia na Linux ya yarda a raba fayilolin muddin ba a canza su ba. Ke nan abu ne mai yiwuwa, ba ya kuma karya kamfani.

Wayar da ke aljihun mai karatu ma tana cikin wannan magana. Android a kan kanel ɗin Linux yake tafiya, don haka wajibi ne mai ƙera waya ya fitar da rubutun tushen kanel ɗinsa. Amma direbobin kyamara da na zane da na sadarwa galibi a zaure suke, a rufe. Wannan na cikin dalilan da ke sa waya mai rai da lafiya ta daina samun sabuntawa da wuri. Google ya kawo tsarin Treble a 2017 don ya raba kayan masu ƙera waya da sauran Android, ya rage matsalar, amma bai buɗe direbobin ba.

Sai batun zanen yatsa, wanda ya fi komai damuna. Yau rajistar JAMB da lambar NIN da BVN duk da yatsa ake yin su, makarantu da ma'aikatu ma sun koma ɗaukar halarta da shi. Ban ce akwai wanda ke satar bayanan kowa ba. Abin da nake cewa shi ne, idan direban da ke karɓar zanen yatsan yaro a rufe yake, ba injiniyan da zai iya zama ya karanta ya tabbatar wa iyayensa abin da ake yi da shi. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, muna da hukumar da ke kula da ita. Ta yaya za a binciki abin da lasisinsa ya hana a leƙa cikinsa?

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ya kamata a ji ta. Sukan ce cikin direban akwai sirrin sana'a, akwai kuma fasahar wasu kamfanonin da suka karɓa haya ba su da ikon bayyana ta. Gaskiya ne a wasu lokuta. Amma Intel da AMD suna da buɗaɗɗun direbobin zane cikin Mesa, tarin direbobin fitar da hoto a allo da Linux ke amfani da shi, kasuwarsu kuma ba ta mutu ba. Sannan 'yan sa-kai sun sha wahalar shekaru suna bin diddigin na'urori har suka samar da buɗaɗɗun direbobin zane irin su Nouveau da Freedreno da Lima da Panfrost, ga SANE na sikana, ga libfprint na zanen yatsa. Wahalar da suka sha, da takardar bayanin na'ura kawai aka miƙa musu da ta ragu ƙwarai.

Darasin da nake so hukumominmu su ɗauka yana wajen masu kula da ɓangaren zane na kanel. Lasisi ya halatta rufaffen direba a zaure, amma su suka ce ba za su karɓi wata sabuwar ƙofa cikin kanel ba sai an kawo buɗaɗɗiyar manhajar zaure da ke amfani da ita, don su iya gwadawa su kuma iya gyarawa bayan shekaru. Ba su je kotu ba, sharaɗi kawai suka kafa a inda suke da iko. Gwamnati ma tana da irin wannan iko, don tana cikin manyan masu sayen kayan ofis a ƙasar nan.

Saboda haka nake kira ga hukumar BPP, wadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta kafa, da NITDA mai kula da fasahar zamani, da masu kula da kwangila a Jihar Filato, su sa tambayar direba cikin takardun neman kwangila. Duk firinta ko sikana ko na'urar yatsa da za a sayo wa makaranta ko asibiti ko ma'aikata, ko dai ta zamo tana aiki da ƙa'idar da kowa ya sani ba ta buƙatar direba na musamman, kamar IPP Everywhere da firintocin zamani da yawa suke da shi, ko direbanta ya zamo buɗaɗɗe, ko kamfanin ya fitar da bayanin yadda ake magana da na'urar. Wannan ba sabon abu ba ne; Microsoft da kansa ya sanar a 2023 cewa zai janye a hankali daga rarraba direbobin firinta na wasu kamfanoni. Idan kuwa babu makawa sai rufaffe, to a rubuta cikin kwangila cewa an yarda a kwafa shi a raba, a faɗi shekarun da za a ci gaba da sabunta shi, kuma a ajiye rubutun tushen a hannun wani amintacce da zai sake shi ranar da kamfanin ya daina kula da na'urar. Ɗan kwangilar da ya san za a yi masa wannan tambaya, tun daga Legas ko Dubai zai zaɓo abin da ya dace, farashin kuma ba lallai ya ƙaru ba.

Malaman sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Jos su ma suna da rawar takawa. Ɗalibin shekarar ƙarshe da aka ba shi aikin rubuta buɗaɗɗen direba ga wata tsohuwar sikana ko firinta da ta cika shagunan garin nan, zai koyi abin da ba zai manta ba, kuma aikinsa ba zai ƙare a cikin kabad ba. Mu masu gyara a shirye muke mu ba da aron na'urorin.

Ga 'yan uwana masu shaguna da shugabannin makarantu kuwa, kada ku biya kuɗin firinta sai kun gwada. Ku tafi kasuwa da laftof mai Linux, ko filashin da ake tayar da Linux daga kansa, ku jona ta a gaban mai kaya, ku buga shafi ɗaya. Ku duba sunanta a jerin firintocin da ke aiki da Linux na shafin OpenPrinting tun kafin ku fita daga gida. Idan mai kaya ya ce sai an sauko da wani fayil daga shafin kamfani, ku tambaye shi shekarar da aka sabunta fayil ɗin na ƙarshe.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Titin Bauchi, Jos.