Dogara Ga Allah Ya Mayar Da Ni Kan Hanyar Kaduna

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci waɗanda tsoro ya hana su sakat. Ni ɗan kasuwa ne, kuma duk mako nakan je Kaduna saro kaya. A lokacin da labarin masu garkuwa da mutane ya yi yawa, ko fashewar taya na ji sai cikina ya ɗuri ruwa, har na yi wata biyu ban leƙa tasha ba, jarina kuwa yana ta narkewa.

Wata Lahadi a Wusasa da ke Zariya, inda tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta ginin ƙasa take tsaye tun 1929, wata dattijuwa ta buɗe mini Littafi Mai Tsarki nata, wanda gefen shafukansa ya yi baƙi saboda yawan karatu, ta ɗora yatsa a kan Ishaya 41:10, inda Ubangiji ya ce kada mu ji tsoro gama yana tare da mu. Ta ce, "Ɗana, ayar ba ta ce babu haɗari ba, cewa ta yi ba kai kaɗai ba ne a motar."

Ba sakaci nake koyarwa ba, domin har yanzu ba na tafiyar dare, kuma tsaron hanya haƙƙi ne a wuyan hukuma. Amma yanzu nakan yi addu'a in shiga mota da sassafe, uwargidana ma ta daina bugo mini waya sau goma kafin in isa Kawo, mashigar Kaduna.

Naka,
Wani mai karatu,
Sabon Gari, Zariya.