Amsa ga 'yata da ta yi tambaya a taron matasan unguwar Aboabo ta Kumasi, Ghana

Assalamu alaikum 'yata.

A gaban jama'a kika miƙe kika tambaye ni: cikin manyan tunane-tunanen da ke juya duniya a yau, wanne ne ya fi taɓa rayuwar ɗan Zango, wato unguwannin da fatake Musulmi suka kafa a garuruwan Ghana? Kin ma share mini hanya, kika ambaci ƙirƙirarriyar basira da dumamar yanayi da bashin IMF. An kira sallar Magariba kafin in buɗe baki, shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda a bainar jama'a aka yi tambayar.

Duk ukun da kika lissafa manya ne, kuma wanda ya sha tsadar kaya a 2022 ba sai an yi masa lacca kan bashi ba. Amma ni wani na zaɓa, wanda ya girme su duka, kuma don mun saba da shi ba ma ganinsa. Shi ne tunanin cewa kowane ɗan Adam yana da ƙasa guda da ta mallake shi, kuma takarda ce ke tabbatar da hakan.

Kakanninmu ba da wannan suka tashi ba. Fataken da suka riƙa barin Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su sauka Salaga, a arewacin Ghana ta yau, su sayi goro, babu mai fasfo a cikinsu. Suna da madugu, suna biyan fito ga sarakunan hanya, suna da mai masauki da zai tsaya musu. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai mutane suka fantsama Kete Krachi da Kintampo da Atebubu, daga baya Kumasi da Ankara, babban birnin Ghana. Dubi Alhaji Umaru na Krachi, haifaffen Kano, malamin da ya rasu a 1934. Ya zauna a garin yana hannun Jamus, yaƙin duniya na farko ya zo garin ya koma hannun Ingila. Malam bai gusa daga kan buzunsa ba, ƙasa ce ta sauya a ƙarƙashinsa.

Samun 'yancin Ghana ne ya ba wa tunanin haƙora. A 1957 ɗin nan da aka yi murna, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga nan Kumasi zuwa Najeriya, manyan Zango ne masu goyon bayan 'yan adawa, suna cewa su 'yan ƙasa ne, maganar tana kotu aka yi doka ta musamman aka fitar da su. Sannan Nuwamban 1969 ya zo, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ba da labarin nan ba tare da ta ambaci keken ɗinkin maƙwabciyarmu ba. An fito da shi ƙofar gida tare da gadon ƙarfe da kwanonin jere, ana sayarwa a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba, matar tana zaune a kan akwati tana jiran babbar mota ta kai ta wani gari da ba ta taɓa gani ba sai a bakin kakarta. Kumasi aka haife ta, Tonanci, yaren Ashanti, take yi kamar Batone. Shekara goma sha huɗu bayan haka, a 1983, Najeriya ta Shagari ta rama, 'yan Ghana kusan miliyan guda suka kwaso kaya. Duk wanda ya ce miki wannan halin wata ƙabila ce ko wata jam'iyya, ki tuna masa da shekarun nan biyu.

Ga inda nake so ki tsaya ki duba da kyau, don nan tsohon tunanin ya haɗu da na'urorin da kike tambaya a kansu. Tsarin mulkin 1992 bai ce haihuwa a Ghana kaɗai ta isa ba. Wanda aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wato jini ake bi, kuma jini sai da shaida. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba ta isa shaida ba wajen rajistar zaɓe. Daga Yulin 2022 bankuna suka koma karɓar Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, layukan wayar da ba a haɗa da katin ba kuma aka toshe su a 2023. Da, marar takarda yana iya rayuwarsa har ya mutu bai haɗu da hukuma ba. Yanzu mai koko da ƙosai a bakin masallaci da MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, ake biyanta, MoMo na kan layi, layi na kan kati, kati kuma na kan amsar da ta bayar ranar da wani ya tambaye ta garinsu.

Na ga hakan da idona a wani layin rajista. Wata tsohuwa ce a gabana, ta ɗaure takardunta a leda cikin gefen mayafi. Ma'aikacin, yaro ne sa'an jikanta, ya ce ina ne garinku? Ta ce Kumasi. Ya dubi sunan, ya ce a'a, asalin garinku. Ta ce ɗana, a Aboabo aka yanke mini cibiya, uwata ma a Tafo take kwance. Ya ɗan yi jim da yatsa a kan kwamfuta. Ba mugu ba ne, gurbi ne a gabansa da dole ya cike, kuma wanda ya tsara gurbin ya ɗauka kowa yana da ƙauye da dangi da kujerar sarauta a bayansa. Na'ura ba ta ƙirƙiro wannan zaton ba, gadonsa ta yi, sai dai ita ba a yi mata magiya, ba ta kuma san limamin unguwa ba.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce a yar da kati ba. Ƙasar da ba ta san yawan mutanenta ba ba za ta iya gina musu asibiti ba, kuma katin nan da zarar ya shiga hannu yakan rufe bakin mai cewa kai baƙo ne. Ban kuma ce an mayar da mu saniyar ware ba: Alhaji Aliu Mahama da Dakta Bawumia sun yi mataimakin shugaban ƙasa, an kafa asusun raya Zango a 2017, Shehu Sharubutu, babban limamin ƙasa, kuwa babu gidan da ba a girmama shi. Mu ma da namu sakacin. Mukan yanka rago ranar suna, mu ciyar da unguwa, amma zuwa a rubuta sunan yaron a ofis sai a ce sai an huta.

Akwai kuma tunanin da ke ja da wancan, shi ma a ƙasar nan yake da gida. ECOWAS ta amince tun 1979 ɗan yankin ya shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, hedkwatar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka tana Ankara. Sai ga shi a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS. Ki je ki tambayi masu sauke albasar Nijar me hakan ke nufi, za su fi ni bayani.

Tunda kin ce kwamfuta kike karanta, ga abin da nake roƙonki. Nan gaba irinku ne za su zauna su tsara gurabun da ake cikewa, su koya wa na'ura wane suna ne ya yi kama da na ɗan ƙasa. Kafin lokacin, ki samu kakarki tun tana da ƙarfi, ki kunna wayarki, ki tambaye ta inda aka haifi uwarta da ubanta, wane gida suka sauka, wa ya ɗaura musu aure, ko akwai tsohon rasit na haraji ko katin awo a ƙasan adaka. Ki rubuta, ki ɗauki hoton takardun, ki raba wa 'yan'uwa.

Ki gaida mini mahaifinki.

Wassalam,
Baffanki, daga Zangon Kumasi